Aiken Baba Zuwa Teku

A shekarar da soja suka ce za su koma bariki, ni ma na ɗauki hutun da na daɗe ban ɗauka ba. A lokacin ina akawu a wata ma'aikata a Tarauni, kuma tun da aka gama zaɓe babu wanda ya ƙara taɓa fayil a ofishinmu. Da safe mu sa hannu, mu kewaye rediyon masinja, a yi ta musu a kan wanda za a ba kwamishina har a kira azahar. Sai na ga in dai zaman banza ne, gara in je in yi shi inda ake da iska.

Ina da aboki da muka taso tare a Gyadi-Gyadi, ƙofar gidansu na kallon tamu. Bautar ƙasa ta kai shi wani ɗan ƙaramin gari a bakin teku, can gaba da Legas wajen iyaka. Shekara guda aka tura shi ya koyar da lissafi, ya zarce, ya auri wata malama 'yar garin, shekara shida ke nan. Duk wasiƙar da ya aiko, ƙarshenta shi ne in zo in ga ruwa. Ni kuma ina mayar masa da cewa wanda ya yi iyo a kududdufin bayan unguwarmu tun yana ɗan shekara bakwai, ba za a yi masa burga da ruwa ba.

Ana gobe zan tafi na biya gida sallama. Na tarar da Baba a zaure ya miƙe ƙafafunsa a tabarma, sun kumbura kamar yadda suka saba. Ni ne ɗan fari, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" nake a bakinsa, in ransa ya ɓaci in zama "kai wannan". Kuma tun da na fara aiki bai taɓa buɗe baki ya ce in zo masa da ko ɓarin goro ba. Abin da na kawo ya sa albarka, abin da ban kawo ba ba ya tambaya.

Muka gaisa, ya yi mini addu'ar hanya. Har na yunƙura zan tashi sai ya jawo wata farar jarka daga bayansa ya turo gabana. Na san ta. Jarkar Zamzam ce da wani maƙwabcinmu ya kawo masa daga aikin hajji, ruwan ya ƙare da daɗewa amma jarkar tana rataye a ɗakinsa, ba a yarda kowa ya zuba mata komai ba.

"Kai, ruwan teku za ka ɗebo mini," in ji Baba. "Ba na baki-baki ba, inda kowa ke wanke ƙafa. Na ciki, inda jirage ke bi."

Nan take na yanke cewa wani mai magani ne ya gaya masa ruwan teku na saɓe kumburi. Boko ya motsa mini. Na gyara zama na fara bayani a kan likita ya hana shi gishiri, da yadda ruwan teku yake gishiri zalla. Ya bar ni na kai aya.

"Na ce maka sha zan yi?"

Na ce a'a. Ya mayar da kai ga carbinsa. Da na shiga ciki Inna ta tare ni a ƙofar ɗaki, ashe ta ji komai. Ta ce, "Tun da aka haife ka, wannan ne karo na farko da ya roƙe ka abu. In ka ga dama ka dawo da ita wayam."

Haka na hau mota da jarka a cinya, cikin babbar rigar shadda da ta sha bugu, da hula sabuwar wanki, da takalmin fata sau-ciki. Na ƙudure cewa mutanen bakin ruwa sai sun san Bakano ya zo. Muka kwana a hanya, na canza mota sau biyu, na isa da hantsi rigar ta koma kamar an tauna ta.

Abokina ya tare ni a tasha cikin wando iya gwiwa da silifas, ya yi baƙi ya yi ƙiba, yana ta surutu da direbobi da yarensu. Matarsa doguwa ce mai yawan dariya, ta iya Hausa daidai ta tsokana. Tana ganin babbar riga ta raɗa mini Alhaji, ko da yake ko filin jirgi ban taɓa shiga ba, kuma har na bar garin sunan bai sauka ba.

Tun kafin in ga tekun na ji shi. Na tambayi abokina wane ne mai injin niƙan da ba ya hutawa a unguwarsu. Sai ya ja ni ta cikin bishiyoyin kwakwa, muka haye wani tudun yashi, sai ga shi. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Idona ya yi ta neman ɗaya gaɓar, inda za a ga gidaje ko gonar dawa ko mai wankin mota, bai samu ba. Ruwan ya tashi ya yi tsayin katanga, ya faɗi, ya ja da baya, wani ya taso. Gabana ya faɗi, amma bakin Bakano bai mutu ba.

"To, ya ka gan shi da kududdufin?" in ji abokina.

Na ce, "Ba laifi."

Kwana uku na farko ban taɓa jin daɗin duniya irinsu ba. Da safe mu bi gaɓa a ƙasa har inda gari ya ƙare, yashi mai sanyi yana shiga tsakanin yatsu. Mai kwakwa ya fille kanta da adda sara uku, in kafa kai in shanye, ya tsaga in kankare na ciki. Matan garin suna gasa kifi a kan waya da barkono mai sa mutum ya tuna zunubansa. Ranar da aka rantsar da farar hula muka ɗauki rediyo zuwa gindin wata kwakwa don mu ji jawabi, ƙarar ruwa ta cinye rabin alkawuran, iska ta sa mana barci a kan sauran. Da na farka abokina ya ce ban rasa komai ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne jan taru. Masunta su kai shi ciki da kwale-kwale, sannan duk gari ya kama igiya daga tudu, maza da mata, ana waƙa ana ja. Duk wanda ya sa hannu yana da rabo. Na naɗe hannun riga na kama, ina ja lokacin da ake sassautawa, ina sassautawa lokacin da ake ja, duk da haka aka ba ni kifi biyu. Na riƙo su ta wutsiya har gida, ina tafe ina sallama ga mutanen da ba su tambaye ni ba.

Jarka kuwa tana ƙarƙashin gado. Gaskiya kunya nake ji. Akawu guda, mai takardar difloma, a gan shi yana ɗurar teku a jarka kamar ɗan ga-ruwa. Ga batun na ciki da Baba ya ce, na kalli yadda kwale-kwale ke miƙewa tsaye kafin ya haye igiyar ruwa, na ce ba da ni ba.

A rana ta huɗu, saura kwana biyu in tafi, na faki idon mutanen gidan da hantsi na sulale da jarka a cikin riga. Na tarar ruwan ya ja baya sosai, ya bar fili fetal. Na ce Allah ya taimake ni, yau ya yi sanyi. Na yi wa kaina fatawa a hanya cewa ai teku ɗaya ne, kuma tun da yake kullum cikin juya kansa yake, na baki ma ya taɓa zama na ciki. Na tuɓe takalmi, na tattare wando, na duƙa ina ɗura. Wata igiyar ruwa ta zo ta zaunar da ni daɓas, ta cika mini aljihu da yashi, amma jarka ta cika.

Na fito jiƙe sharkaf. Na samu wuri busasshe nesa da ruwan da taku wajen ashirin, na ajiye jarka, na jera takalmi a gefenta, na kifa hula a kanta don ta sha iska. Har kara na kafa a wurin don shaida. Na ce in na shiga gida da ita yanzu za a yi mini tambayoyi, gara in bari sai la'asar in zo in ɗauka cikin sirri. Na koma gindin kwakwa na shanya kaina, abokina ya zo da kifi, muka ci, na yi ƙailula mai daɗi.

Bayan la'asar na koma. Babu jarka, babu takalmi, babu hula, babu kara.

Abu na farko da ya zo mini shi ne abin da zai zo wa duk wanda ya taɓa barin takalmi a ƙofar masallacin Juma'a. Na koma gida a fusace ba takalmi, ina faɗa tun daga waje. Na ce ashe garin nan ma akwai ɓarayi, ana ta yi wa mutum murmushi ana ba shi kifi, ashe ido na kan takalminsa. Na ce a kai ni wurin mai unguwa. Abokina da matarsa suka biyo ni bakin ruwa hankali a tashe.

"Alhaji, a ina ka ajiye?" in ji ta.

Na ɗaga hannu zan nuna, sai hannun ya tsaya a sama. Na duba bishiyar da na yi barci a gindinta, na auna da ido, na sake aunawa. Inda yatsana ke nunawa ruwa ne, mai kai wa mutum ƙugu.

"Can," na ce, murya ta yi ƙasa. "Amma ɗazu ba ruwa a wurin."

Ta dube ni, ta dubi mijinta, sai ta zauna a yashi ta riƙe ciki. Abokina ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Da ƙyar ta iya yi mini bayani cewa teku yana ja baya ya dawo sau biyu kowace rana, tun da Allah ya yi shi, kuma ko akuyar garin ba ta kwanciya inda na yi ajiya.

"Ku a garinku ruwa a zaune yake?" ta tambaye ni tana share hawaye.

Na ce, "A garinmu inda ka bar ruwa nan za ka same shi, sai dai ya ragu."

Wannan ya sake kayar da ita. Ni ma na so in yi dariyar, sai ta maƙale. Takalmi da hula ba su dame ni ba. Jarkar Baba ce ta tsaya mini a rai, wadda ya rataye shekara da shekaru bai yarda an zuba mata ko ruwan randa ba, ya ɗauko da hannunsa ya ba ni. Abu ɗaya tak ya taɓa nema a wurina. Na yi masa ha'inci a ɗiba, na kuma yar da jarkar. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma na ji tsoron fuskarsa, don na san ba zai yi faɗa ba. Cewa zai yi ba komai, ya koma ga carbinsa, ba kuma zai sake aikena ba har abada.

Abokina ya dubi fuskata ya ce, "Mutumina, kada ka ɗaga hankalinka. A sayi wata farar jarka, ka ɗiba a nan baki. Kai ko a Kano ka zuba gishiri a ruwan famfo, wa zai gane?"

Ba zan ɓoye ba, shawarar ta zauna mini. Matarsa ce ta miƙe ta kakkaɓe zane ta ce, "Tsoho ya ce na ciki. Gobe da safe kawuna zai fita, zan gaya masa yana da fasinja."

Farar jarka ba ta samu ba a garin. Ta ɗauko wata rawaya ta manja, ta wanke da toka da ruwan zafi har sau uku, ta shinshina ta ce ta yi iya yinta.

Kawun nata tsohon masunci ne, gajere, duk jikinsa jijiya. Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensa, Turancinmu kuma bai haɗu ba. Bayan sallar asuba gari ya waye na fito cikin wandon abokina da singileti, rabona da fita haka tun ina firamare. Na ce wa abokina ya shigo mana.

"Ni?" in ji shi. "Shekarata shida a garin nan ban taɓa shiga ba. Ai kai ne ɗan kududdufi."

Yadda muka haye igiyoyin ruwa na farko ban gani ba, idona a rufe yake. Na dai ji kwale-kwalen ya miƙe tsaye, hanjina ya sauko, ya faɗa, hanjina ya hau. Na karanta duk addu'ar da na sani, ta hawa abin hawa, ta tsoro, ta shiga kasuwa, har da ta gama cin abinci. Daga nan kifin jiya da kwakwar shekaranjiya suka nemi hanya, na leƙa gefe na mayar wa teku kayansa. Tsohon yana riƙe da inji yana ta hira da abokan aikinsa biyu, in ya dube ni ya ɗaga mini babban yatsa.

Can sai ya kashe inji. Na buɗe ido. Gari ya koma wani siririn zare da 'yan tsinken kwakwa a kai. Ruwan ya daina fari da kumfa, ya koma shuɗi mai duhu kamar ruwan karofi, yana ɗagawa yana saukewa a hankali. Tsohon ya taɓa kafaɗata ya nuna gabas. Jirgi ne, can nesa, amma duk da nisan ya yi girman unguwa guda, yana tafiya kamar ba ya tafiya. Ya nuna jirgin, ya nuna ruwan da ke gefenmu, ya nuna jarka. Ashe 'yar ƙanwarsa ta yi masa bayani dalla-dalla.

Ya miƙo hannu zai ɗebo mini. Na rungume jarkar na girgiza kai. Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya ɗauko igiya ya ɗaure ni a ƙugu kamar ragon layya, ya ba mutum biyu suka riƙe. Na kwanta rubda ciki a bakin kwale-kwale na danna jarkar da hannu biyu, ina jin ta tana ɓul-ɓul har ta yi shiru. Na ɗaure murfin da leda. Har muka dawo tudu tana tsakanin gwiwoyina.

A hanyar komawa, a wani shingen bincike, wani mai kaki ya hango rawayar jarka a cinyar mutum mai babbar riga da silifas ba hula. Ya ce mene ne. Na ce ruwan teku. Ya yi murmushin wanda ya kama babban kifi, don a yankin irin jarkar ake safarar giya da ita. Ya kwance ledar, ya kafa kai ya yi kurɓa mai kyau. Abin da ya biyo baya ya sa har direba sai da ya kifa kai a sitiyari. Na karɓi jarkata ina jin haushin kurɓar da ta ragu.

Daga tasha ɗan acaɓa ya kai ni Gyadi-Gyadi kai tsaye, ban biya ɗakina ba. Baba na tsakar gida a inuwar darbejiya, Inna na tsince shinkafa. Na durƙusa na gaishe su na ajiye jarka. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Ina tawa?"

Na yi niyyar in ce ta fashe a mota. Sai na ji bakina yana ba da labarin yadda yake, da ɗibar ha'inci, da karan da na kafa, da neman mai unguwa. Ina kaiwa wurin da na nuna ruwa da yatsa, sai na ji wani sauti da ban saba ji ba. Baba ne ke dariya, har da tari, har Inna ta miƙo masa ruwa. Tun da nake ban taɓa ganin turamen haƙoransa ba sai ran nan.

Da ya lafa ya dafa jarkar. "Wannan na ciki ne?"

"Na ciki ne, Baba. Da hannuna na ɗebo."

"Ka ga jirgi?"

Na ce na gani, na kwatanta masa girmansa. Ya sa na sake faɗa. Ya tambayi launinsa, da ko yana hayaƙi, da ta inda ake loda masa kaya. Abin da ban sani ba na ce ban sani ba.

Na san tun ina yaro cewa Baba dako ya yi a zamanin dalar gyaɗa, amma ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba, kuma shi ba mai ba da labari ba ne. Ran nan ya ce, yana kallon jarkar ba ni ba, "Shekara talatin ina ɗaukar buhu a ka. Mu hau da shi dala, mu sauko da shi, mu zuba a tarago. Duk buhun da na ɗauka sai a ce teku za shi, jirgi na jira. In mun yi sanyi a ce mu yi sauri, jirgi na jira. Ƙafafun nan a nan suka ƙare. Na ce kafin in mutu dai in ga ko wane iri ne."

Na tuna laccar gishirin da na yi masa a zaure, na ji kamar in nutse.

Ya ce wa Inna ta kawo babbar tasa. Na tuttule rabin jarkar a ciki. Duk da wanki uku, wani jan maiƙo na manja ya taso yana yawo a sama, Inna ta ce wannan teku da an sa masa kuka ya zama miya. Baba bai kula ta ba. Ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, ya gyaɗa kai. Sannan ya naɗe wandonsa zuwa gwiwa a hankali, na taimaka masa ya ɗaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya ya sa a ciki. Ya zauna yana kallonsu.

"Kai," ya ce can. "Ba ka ce motsi yake ba?"

"Ba ya tsayawa, Baba, dare da rana."

"To wannan ai a zaune yake."

Na tattare babbar rigata, na durƙusa a gabansa, na kama bakin tasar da hannu biyu na fara girgiza ta. Ruwan ya tafi ya dawo, ya bugi ƙaurinsa, ya fallatsa a siminti. Inna ta ajiye farantin shinkafa tana kallonmu. Baba ya jingina da bishiya ya lumshe ido.

"Ƙara kaɗan," in ji shi.